Na kai Inna da iyali gidan soyayyiyar kaza a Kano, na dawo da magana a cikina

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi mini haƙuri, maganar za ta ɗan yi tsawo. Ranar Talata na kai Inna asibitin ido a Kano, aka duba aka ce maganin yana aiki, alhamdu lillahi. Da yake maman yara ce ke riƙe ta, tare muka tafi, da yaran biyu da jaririya a baya. Sai wajen ƙarfe biyu muka fito, kuma tun kokon asuba ba wanda ya sa komai a cikinsa. Kafin mu nufi tashar Yankaba sai na ce yau dai bari in kai su irin gidan abincin nan da ake soya kaza da fulawa, a kawo wa iyali a babban tire ɗaya da soyayyen dankalin turawa da kwaɗon kabeji da lemo. Na sha wucewa ta ƙofarsa, ban taɓa shiga ba.

Dubu 26 na biya. Na san za a yi magana a kan kuɗin, amma ba su ne suka hana ni barci ba.

Da aka ajiye tiren, yanka takwas, yara suka kai hannu. Maman yara ta ɗosana a bakin kujera, ta ja mayafi, tana yagar wa ƙaramin tsoka yana ci. Ita ko loma ɗaya. Inna ma ba ta taɓa ba. Can sai Inna ta miƙa hannu, da idon nan nata da ba ya gani sosai, ta lalubo cinyar da ta fi girma ta ajiye a gaban surukarta ta ce, "Ci, ke ce mai shayarwa." Daga nan ta juya kujerarta ta fuskanci bango ta kama jan carbi, don yarinyar ta sake.

Ta ci. Wallahi shekara 11 da aurenmu, ranar na fara ganin ta da cinyar kaza a hannu. A mota har muka wuce Gezawa ina ta lissafi. Duk kazar da aka taɓa yankawa a gidana ita ta kiwata, ita ta fige, ita ta soya. Langa ta iske ni a zaure da cinya biyu da ƙirji da ƙundu, in ci da baƙina, a mayar da ita wayam. Ban taɓa tambayar abin da ya rage a cikin gida ba.

To ku gaya mini, almubazzaranci na yi? Sannan wannan rabon kazar namu, daidai yake?

Baffan Ƙofar Arewa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Amma malam, dubu 26 a zama ɗaya? Da ka daure zuwa Lahadi ka je kasuwar Gujungu, zakara nawa za ka ɗauro da su? Gidanka a ci, gidan yayanka a ci, maƙwabcin da ya ji ƙamshi a aika masa. Abin da ya fi damuna kuma, ka ɗauki mahaifiyarka da matarka ka zaunar a gaban mazan da ba su sani ba, wai su buɗe baki suna tauna. Mu yadda muka taso, ko namiji aka gani yana ci a tsaye a kasuwa sai a ce ba shi da kamun kai. Juya bayan da Inna ta yi, ba don surukarta kaɗai ta yi ba.

Direban Haɗeja:
Ta fannin kuɗi Baffa ya faɗi gaskiya. Ni kullum ina kan hanyar nan, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fasinja yake shigowa da kuɗin mota cif-cif, ko na ruwan leda ba ya ragewa. Amma Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, mu maza mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wane ne a cikinmu bai taɓa zama a bencin mai gasa kaza a Ringim ya cinye rabi shi kaɗai da yaji da albasa, ya goge baki, ya shiga gida hannu biyu ba? Ban taɓa jin an kira wannan almubazzaranci a majalisa ba. Sai yau da mutum ya ci da iyalinsa.

Uwar Biyu:
Malam ya ce bai san abin da yake raguwa ba. Bari in lissafa masa. Wuya, kai, ƙafafu, fiffike biyu, da ƙashin baya. Hanta ta yaron da ya riƙe kazar aka yanka ce. Fiffike na yara ne. Wuya idan akwai tsohuwa a gida nata ne, da ɗan romo. Mai girki ƙashin baya ne nata, shi ma idan ɗan auta ya tsaya mata a ka yana kallon hannunta, ta miƙa masa. Sai ta tsoma tuwonta a man da ya rage a kasko, ta ce ta ƙoshi. Ba labari aka ba ni ba, hannuna ne yake yin rabon.

Kuma kar a ce wani ya tilasta mana. Ba wanda ya taɓa ce mini kar in ci cinya. Haka na ga uwata tana yi, ni ma na ɗauka. Abin da ya sa na ji hawaye da na karanta shi ne, a tiren nan ba langar maigida, ba kwanon yara. Komai a fili. Shi ya sa idon malam ya gani.

Mai Kaji na Gezawa:
Allah ya saka da alheri, Uwar Biyu. Ni ta ɓangaren sana'ata zan shigo. Malam, yanka takwas ɗin nan da aka kawo muku ba lallai na kaza ɗaya ba ne. Irin waɗannan gidajen sukan sayi kaji da yawa a fige, a yanka gunduwa-gunduwa, cinya gefe, ƙirji gefe, fiffike gefe. Ƙundu da hanta daban ake sayar da su a kan sikeli. Kai da ƙafa kuma mata ne ke sara su soya wa yara a unguwanni. Shi ya sa ba ka ga ƙundu ba, balle a ce na maigida ne.

Kuma kazar da kuka ci ta gidan gona ce, farar nan. Sati shida zuwa takwas ta isa yanka. Kazar gida kuwa kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe, sannan ɗan tsakon ya yi wata biyar ko shida yana tsince-tsince, in shirwa ta bar shi, in annobar hunturu ta bar shi. Don haka a ƙauye kaza ba abinci ba ce kawai, asusun mace ce. Da ita ake sayen maganin yaro da sabulu da gudunmawar biki. Mace ta yanka asusunta, sannan ta ci ƙashin baya.

Tela Mai Keke:
Ni tambayata ɗaya. Wa ya yanka? Da bisimilla ko da inji? Kuma ana cewa allura ake yi wa fararen kajin nan su kumbura, shi ya sa namansu lugub kamar burodi.

Mai Kaji na Gezawa:
Maganar allurar kumburi ba gaskiya ba ce, ƙanena. Shekara tara ina kiwo, ban taɓa ganin ta ba. Iri ne aka daɗe ana tacewa har ya zama mai saurin girma, sai kuma abinci, masara da waken suya da sinadarai. Buhu mai kilo 25 da ƙyar yake kai kaza shida zuwa yanka, kuma abinci shi ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo. Idan masara ta tashi a Dawanau, kaza ta tashi a tire. Abin da muke ba su riga-kafi ne, Lasota da Gumboro, irin wanda cibiyar Vom ta jihar Filato take yi. Inda matsala take gaskiya shi ne mai kiwon da zai ba kaza maganin ƙwayoyin cuta yau ya sayar gobe, bai jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin ba. Wannan kam akwai masu yi, kuma haƙƙi ne.

Yanka kuwa, wanda nake kai wa kaji a Kano a gabana Musulmi ke yankawa da wuƙa, ɗaya bayan ɗaya. Abin gudu shi ne daskararriyar kazar da ake fasa-ƙwaurinta ta Kwatano, wadda gwamnati ta daɗe da hana shigo da ita, kwastam na kamawa suna binnewa. Ka tambayi mai gidan abinci daga ina kajinsa suke. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambayar.

Tsohon Mai Suya:
Na yi shekara biyu a kicin ɗin irin wannan gida a Kano kafin in dawo noma. Ba zan faɗi sunansa ba. Yadda ake yi, tun dare ake jiƙa kazar da gishiri da tafarnuwa da citta da barkono a sa a firji. Da safe a tsoma a ruwan ƙwai ko madara, a birkiɗa a fulawa mai kayan ƙamshi, a kakkaɓe, a zuba a man da ya yi zafi sosai har ya rufe ta. Sirrin a zafin mai yake. In bai yi zafi ba fulawar ta sha mai ta yi laushi, in ya wuce kima waje ya ƙone ciki da jini.

Abin da ya fitar da ni daga aikin mai ne. Ka'ida a tace shi kullum, in ya yi duhu ko ya fara kumfa a zubar. Da tsada ta zo sai aka ce mu riƙa ƙara sabo a kan tsoho. Na yi magana sau biyu aka ce in kama kaina. Ba duka gidaje ke haka ba, wasu suna da tsafta fiye da kicin ɗin gidajenmu. Amma in kun shiga ku dubi launin kazar. Mai kyau ruwan zuma ce. In kun ga ta yi baƙi-baƙi tana ɗaci a maƙoshi, ku tashi.

Ma'aikaciyar Asibiti:
Abu biyu zan ƙara. Ku fasa cinyar ku duba jikin ƙashi kafin ku ba yaro, in da ja-ja a mayar a sake soyawa, don ɗanyar kaza tana kawo gudawa mai tsanani. Sannan Inna da masu shekarunta, in akwai hawan jini ko sukari, gishirin ciki da lemon kwalba ba nasu ba ne. Amma batun mai shayarwa Inna ta fi mu duka sanin likitanci. Matan da nake gani a awo, da yawa jininsu ya yi ƙasa, ka ɗaga fatar ido ka ga fari fat. In ka tambaya akwai kaji a gida, akwai ƙwai. Sai dai ba cikinta suke shiga ba.

Gwaggon Yara:
Na yi shiru ina karantawa, jikata ce ke rubuta mini. Ku yaran zamani kar ku mayar da kunya zalunci. Ni na yi shekara 40 ina kai wa mai gidana cinya da ƙundu, Allah ya jiƙansa, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Girmamawa ce, kuma da ita ake fita kunyar baƙo. In baƙo ya sauka a zaure aka fitar da fiffike, wa za a zaga? Matar gida. Sannan ku tuna al'adar nan ba ta manta da mace ba. Daren farko kazar amarci wa ake kawo wa? In ta haihu, farfesun kaza da kauri da kunun kanwa wa ake dura wa har arba'in? Ranar cika-ciki wa ake hanawa?

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zaunar da suruka da uwar miji a tebur ɗaya a gaban ɗa. Ka wahalar da su biyun, malam. Da ka sa an ƙulle muku a leda kun zo gida, kowa ya shiga ɗakinsa ya ci a sake.

Uwar Biyu:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ba na ja da ke. Amma da an kawo gida a leda, kin san inda cinyar za ta tafi. Langa za ta koma. Kazar amarci dare ɗaya ce, jego kwana 40 ne, shayarwa kuwa kusan shekara biyu, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga surfe.

Gwaggon Yara:
Wannan kuma gaskiya ne, 'yar nan. Langa za ta koma.

Ɗalibi a Wudil:
Don ƙarin haske, wannan salon suya daga jihohin kudancin ƙasar Amurka ya bazu. Wanda ya kafa gidan soyayyiyar kaza na KFC, Harland Sanders, a jihar Kentucky ya fara, a wani ɗan gidan abinci na gefen hanya, yana soyawa a tukunya mai rufi da ke riƙe tururi don kaza ta nuna da wuri. KFC ta shigo Najeriya a 2009 ta Legas. Chicken Republic kuwa ta gida ce, a Legas ta fara a 2004. A Amurka ma asalin abin na iyali ne, a zuba a tsakiya kowa ya kai hannu.

Baffan Ƙofar Arewa:
To ka ji. Al'adar wasu ce. Mu ma muna da ci tare, ɗana, ba sai Amurka ta koya mana ba. Maza a akushi ɗaya a ƙofar gida bayan magariba, kowane gida ya fito da nasa, almajiri da matafiyi su samu. Wancan tebur ɗin mutum biyar yake ɗauka, tabarmar ƙofar gida ba ta da iyaka. Ina tsoron ranar da kowa zai ja matarsa da 'ya'yansa su kulle kansu, a manta da ciyayya.

Na'ibin Masallacin Kasuwa:
Baffa, tsoronka yana kan hanya, ciyayya abin riƙewa ce da hannu biyu. Amma kar mu jingina wa addini abin da ba nasa ba. Ya tabbata daga Abu Musa al-Ash'ari cewa ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cin naman kaza. Ya tabbata kuma daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa takan ci nama a jikin ƙashi ta miƙa masa, ya sa bakinsa a inda ta sa nata. Ke nan cin miji da mata a kwano ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne muka bar shi. Kuma lomar da mutum ya sa a bakin matarsa ana ba shi lada a kanta.

Almubazzaranci kuwa da halin mutum ake auna shi. In malam ya ci bashi ne ko ya taɓa kuɗin hatsin gida, ya yi kuskure. In daga abin da Allah ya hore masa ne, sau ɗaya, bayan wunin asibiti da yunwa, ban ga laifi ba. Shawarata dai a nemi wurin da ke da ɓangaren iyali mai labule ko lungu, don mata su sake.

Malamin Firamare:
Allah ya saka wa kowa. Ba bashi na ci ba, malam, kuɗin gyaɗar da na sayar ne na ware don tafiyar, asibiti bai cinye duka ba. Baffa, na karɓi gyara a kan zaman. Da na lura da lungun da ke can ciki da can na kai su. Gwaggo ma ta yi gaskiya, na takura Inna.

Na manta ban faɗa muku abin da Inna ta yi da nata ba. Da za mu tashi ta ce a ba ta leda. Ta sa yanka biyu da ragowar dankalin ta ƙulle a bakin zaninta, ta riƙe a cinya tun daga Yankaba har gida, ga zafin mota. Da muka iso ta kira 'yar yayana marainiyar nan da take riƙo ta ba ta ɗaya. Ɗayan ta aika wa maƙwabciyarta da ke kwance ba lafiya. Ita fatar da ta manne a ledar ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa, kuma naman ba ya da ƙashin taunawa irin na kazar gida.

Direban Haɗeja:
Allahu akbar. Iyayenmu ke nan.

Amaryar Bana:
Don Allah Tsohon Mai Suya, in da kazar gida ce za a iya yin irin suyar? Ba mu da firji.

Tsohon Mai Suya:
Za a iya, amma sai kin fara tafasa ta da albasa da citta da kanumfari har ta yi laushi, don kazar gida tauri gare ta, fulawa za ta ƙone ba ta nuna ba. Ki tsame ta huce ta tsane sarai. Sai ƙwai, sai fulawa da ɗan yaji, sai man gyaɗa mai zafi. Ki gwada man da ɗan gutsuren fulawa, in ya taso nan take yana ƙara to ya yi. Kar ki cika kaskon. Romon kuma ki yi miya da shi, kin ci riba biyu. Budurwar kaza ko sabon zakara ya fi, tsohuwar kaza ta farfesu ce.

Mai Kaji na Gezawa:
Ko ki nemi noila, tana tsakanin ta gida da ta gona, tana kiwo a tsakar gida kuma tana da tsoka. Sai dai ku yi wa kajinku riga-kafi kafin sanyi ya shigo, kar a jira sai sun fara gyangyaɗi.

Malamin Firamare:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Yau Lahadi na je Gujungu na sayo zakara ja, babba. Maman yara ta soya irin tata suyar, da man gyaɗa da yaji, ba fulawa. Langa ta iske ni kamar kullum, cinya biyu da ƙirji da ƙundu. Na cire ƙirjin na aika wa Baffa, ina fata ya isa. Na ɗauki cinya ɗaya na shiga da ita cikin gida da kaina na ce tata ce. Ta rufe fuska ta ba yaro ya kai wa Inna. Inna ta dawo da ita ta ce ba ta da haƙori. Ta sake mayarwa, Inna ta sake dawowa da ita. Yanzu haka tana nan a rufe a kwano a kan turmi, tsakanin ɗakunan biyu, ni kuma ina zaune a tsakar gida ina tsaron kar yara su ɗauka. Ban san yadda zan yi ba.

Baffan Ƙofar Arewa:
Ya iso, Allah ya yi albarka. Na raba da jikoki.

Gwaggon Yara:
Kai ne matsalar yanzu. Muddin kana zaune a tsakar gidan nan ba wadda za ta taɓa. Kwashi yaran ku tafi masallaci, an kusa kiran isha'i. In an idar kar ka yi saurin dawowa, kuma in ka shigo kar ka tambayi kwanon.

Malamin Firamare:
To Gwaggo. Ga mu nan mun fita.